Mai Agogon da Bai Taɓa Tsallake Ɗigo Ba

A layin kasuwa ba mai kiransa da sunansa. Baba Minti ake ce masa, don in ka ce za ka zo ƙarfe uku ka iso uku da minti huɗu, sai ya nuna maka agogon hannunsa kafin ya amsa sallamarka. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran agogo a wata 'yar rumfa da ba ta fi shimfiɗar tabarma biyu ba, jikin shagon Tela. Tebur ne mai gilashi a sama, kujera ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, sai gwangwanaye cike da matattun agoguna da yake ciro kayan gyara a cikinsu. Sai kuma ɗan baƙin madubin nan mai kama da murfin kwalba da yake maƙalawa a idon dama, har fatar wurin ta yi zobe.

A hannun kawunsa ya koyi aikin tun yana saurayi. A kan teburin nan ya yi aure, a kansa ya raini 'ya'ya biyar har kowa ya kama gabansa. Da waya ta zo mutane suka daina ɗaura agogo, abokan sana'arsa suka watse, wani ya koma sayar da caja, wani ya koma gida. Shi bai motsa ba. Ya ce muddin akwai tsohon da ya gaji agogo a wurin ubansa, akwai mai nemansa. Kuma akwai ɗin.

Wata safiya ya tashi idon dama ya liƙe da kwantsa, ya kumbura, ya yi jajawur. Ba mai shan maganin kan hanya ba ne, asibiti ya tafi. Layi har bakin ƙofa. Likitan da ya gani bai yi minti uku da shi ba: ya ɗaga fatar idon, ya haska, ya rubuta takarda. Ya ce magani biyu ne a kwalba ɗaya, ɗaya yana kashe ƙwayar cuta, ɗaya yana kwantar da kumburi da ja. Ɗigo ɗaya, sau huɗu a rana, kwana bakwai, sannan ya dawo. Da ya kai kan "kwana bakwai" idonsa na kan mutumin da ke bayan Baba Minti. Abin da zai faru in an wuce kwana bakwai ɗin, ko kalma ɗaya bai faɗa ba.

Kwana biyu idon ya yi fari tas, kamar ba a taɓa ciwo ba. Ranar bakwai Baba Minti ya rufe kwalba. Ranar takwas, ƙarfe bakwai daidai, yana zaune a kan bencin asibiti da katinsa a hannu. Ya zauna har rana ta take, sannan wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce likitan ido ba ya zama yau, a dawo mako mai zuwa. To a ji wannan da kyau, don daga baya an sha cewa taurin kai ne ya kai shi. Mutumin ya cika alƙawarinsa. Su ne ba su cika nasu ba.

Kafin makon ya zagayo ƙaiƙayi ya dawo, wannan karon ido biyu, ga agogunan mutane jibge a tebur. Sai ya ɗauki kwalbarsa ya tsallaka titi wurin mai kemis, wanda duk unguwa ke ce wa Dakta alhali ko ƙofar makarantar likita bai taɓa gani ba. Dakta ya juya kwalbar, ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko irinta.

"Wannan ai shi ne gangariya, Baba. Duk mai jan ido shi nake ba."

Bai tambayi takarda ba. Bai tambayi tun yaushe ba. Ya sa a leda ya miƙa.

Daga nan Baba Minti ya yi wa maganin abin da yake yi wa komai a rayuwarsa, ya sa shi a kan lokaci. Agogo uku masu ƙararrawa ya ware masa. Na gida yana bugawa bakwai na safe da bakwai na yamma, biyu a rumfa, ɗaya sha ɗaya, ɗaya ƙarfe uku. Da an ji ƙirrr sai ya ajiye hantsaki, ya wanke hannu da sabulu, ya girgiza kwalba sau goma, ya ja fatar ido ta ƙasa, ya ɗiga ba tare da bakin kwalbar ya taɓa gashin ido ba. Ya rufe ido minti ɗaya cur, yana ƙirgawa. Da ma'aikatan asibiti sun gan shi da sun ɗauke shi ya koya wa mutane. Komai daidai yake yi, sai abu ɗaya: bai daina ba. In ya gwada bari kwana biyu, idon ya yi ja fiye da da, sai ya ce ciwon ne bai mutu ba.

Tela kan leƙo ta taga da tef a wuya. "Baba Minti, lokacin shayar da jariri ya yi! Ka ba shi nono kar ya yi kuka."

"Kai dai ka je ka gama wandon mutane. Tun bara ka ce jibi."

"Jibin ai ba ta zo ba tukuna."

Haka aka yi shekara biyu da wata uku. Kwalaben da suka ƙare ma ba ya yarwa. Yakan wanke su ya zuba ƙananan sukurori da man agogo, ya jera su a kan tebur gwanin sha'awa.

Matarsa ce ta fara lura. Ya soma cin karo da gefen ƙofar ɗaki, ƙofar da ya yi shekara ashirin yana shiga. Ta ajiye masa kofin shayi a gefen hannu, ya ture shi da gwiwar hannu ya ce ba ta faɗa masa ta kawo ba. Ƙanwarta ta zo ta yi ƙorafi, wai ta wuce ta gefensa a titi ta ɗaga masa hannu ya share ta.

Matar ta ce, "Malam, ko dai idon nan za a duba?"

"Wane ido? Idon da ke ɗaura sukurun da bai kai ƙwayar yashi ba? Ke zare ma sai na zura miki a allura."

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta cuce shi. Irin wannan makanta daga gefe take farawa, tana ci tana matsowa tsakiya, ba ciwo ba ƙaiƙayi. Direba da ya gane da wuri. Mai tallan da ke ratsa titi da ya gane. Amma mutumin da aikinsa duka leƙen wuri ne da bai fi kwabo faɗi ba, ta cikin madubi mai ido ɗaya, daga safe har yamma, me zai yi da gefe? Duniya na ta ƙanƙancewa a kewayensa, shi kuwa abin da yake kallo yana nan garau.

Wata ranar Talata wani sukuru ya kufce wa hantsaki ya gangara. Ya duba tebur, ya duba cinyarsa, ya durƙusa yana shafa ƙasa. Tela ya shigo aron almakashi ya tsaya yana kallonsa.

"Me ka yar, Baba?"

"Sukurun bayan agogon nan."

Tela ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, sai ya fasa. Sukurun na kan farin ƙyallen da ke tebur, bai fi taƙi ɗaya daga inda hannun Baba Minti yake aiki ba. Ya ɗauka ya sa masa a tafin hannu, ya fita ba tare da almakashin ba.

Bayan wata guda madubin ya soma hazo. Ya goge shi da gefen riga, ya goge da auduga, ya kwance shi ya wanke. Ya aro na wani tsohon abokin sana'a, shi ma hazo. Ranar bai jira ƙarfe shida ba ya rufe rumfa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce wa matarsa ta shirya, gobe za ta raka shi.

Wannan karon wata likita suka samu, mace mai furfura a goshi, ba ta da gaggawa. Ta auna ƙarfin ruwan da ke cikin idon, ta dubi abin da na'urar ta nuna, ta sake aunawa. Sannan ta zaunar da shi gaban wata na'ura mai kama da ƙwarya, aka rufe idon hagu, aka ba shi maɓalli a hannu. Ta ce duk sanda ya ga ɗan haske ya ƙyafta, ko ta ina, ya danna. Ya gyara zama, ya ɗora haɓa, yatsa a shirye. Ya jira. Ya jira.

"Likita, ba ku kunna ba fa."

Matarsa na tsaye a bayansa tana ganin hasken na ƙyaftawa ta ko'ina kamar taurari. Ta sa gefen mayafi ta toshe bakinta.

Likita ta tambaye shi ko yana sa wani abu a idon. Ya laluba aljihu ya fito da kwalbar, har da ɗan murmushinsa na mai gaskiya.

"Sau huɗu a rana, ranki ya daɗe. Shekara biyu da wata uku, ban taɓa tsallake ko ɗaya ba. Ga ta nan, ki tambaye ta."

Likitar ta karɓi kwalbar ta karanta jikinta. Da ta yi magana a hankali ta yi. Ta ce maganin mai kyau ne, na 'yan kwanaki ne. Rabinsa mai kwantar da kumburi, in aka daɗe ana sa shi, a idon wasu mutane yana toshe hanyar da ruwan ido ke fita. Ruwan ya taru, ya danne jijiyar gani, ta riƙa mutuwa kaɗan kaɗan. Shi ake kira hawan jinin ido. Shi ya sa duk wanda zai wuce kwana goma a kansa dole a riƙa auna masa ido. Hazon kuma yanar ido ce ta fara, ita ma aikin maganin ce.

"To yanzu wanne za a ba ni ganin ya dawo?"

"Baba, yanar ido ana cirewa. Jijiya in ta mutu ba ta dawowa. Na dama saura ƙiris. Na hagu akwai ɗan abin da za mu yi ƙoƙarin tsarewa."

Sannan ya yi tambayar da har yau matarsa ba ta iya maimaitawa ba tare da muryarta ta karye ba.

"Da ina mantawa wani lokaci, da bai kai haka ba?"

Likitar ba ta yi masa ƙarya ba. Ta ce wataƙila.

Ta rubuta yadda za a janye tsohon maganin a hankali, don ba a yanke shi rana ɗaya, ta rubuta sabo mai sauke ƙarfin ruwan. Daga asibitin matarsa ba ta wuce gida ba. Ta zaunar da shi a rumfa, ta kwashe kwalaben nan da ya jera, ta zazzage sukurorin a kan ƙyalle, ta tsallaka titi ta zube su a kan kantar Dakta a gaban masu saye.

"Ƙirga su! Ko sau ɗaya ka taɓa ce masa ya isa?"

"Haba Mama, ni na kira shi? Shi ya zo da kwalbarsa. In ban ba shi ba na gaba zai ba shi."

Abin da ya faɗa ke nan, kuma kafin ta kai bakin titi ya juya yana sallamar wata mata mai goyo. Har gobe maganin na nan a kan kantarsa, jere na biyu, kusa da na tari.

Abin da ya fi damun Baba Minti a makon nan ba kansa ba ne. Ya tuna bara Tela ya yi jan ido, shi da kansa ya saya masa kwalba ya koya masa sa'o'in. Ya laluba bango ya shiga shagon.

"Kai, maganin nan da na ba ka. Kana sawa har yanzu?"

Tela ya tsayar da keken ɗinki yana sosa ƙeya. "Baba, kar ka yi faɗa. Kwana uku na sa, ya ɓace a cikin tsummoki. Kunya ta hana ni faɗa maka."

Baba Minti ya yi dariya har sai da ya dafa teburin yanka. "Shiriritarka ta cece ka, ɗan banza." Dariyar ce ta juye ta zama kuka a tsakiya. Tela ya jawo masa kujera, ya saki labulen ƙofa don kar masu wucewa su gani.

Ya gwada maƙala madubin a idon hagu. Bai zauna ba, fatar wurin ba ta san shi ba, hannun ma ya kasa gano inda idon ke kallo. Agogo goma sha ɗaya ne a teburinsa. Ya sa aka kira masu su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne sai ya kara shi a kunne, ya faɗa wa mai shi abin da ke damunsa da wanda zai kai wa, sannan ya miƙa da hannu biyu ya ce a yi haƙuri. Na ƙarshen na wani tsohon malamin makaranta ne, bayansa a buɗe, saura sukuru biyu kawai a ɗaura. Ya naɗe sukurorin a takarda ya haɗa masa.

Yanzu yana gida. Agogon ƙararrawa ɗaya ya rage masa aiki, bakwai na safe da bakwai na yamma, kuma da yatsa yake saita shi, ya cire gilashin fuskar don ya riƙa taɓa hannuwan. Ba ya ganin bakin kwalba, matar ce ke ɗiga masa. Ranar farko ya riƙe mata hannu kafin ta ɗiga.

"Karanta min takardar. Har ƙasa, kar ki bar komai."

Ta karanta. Ɗigo ɗaya, safe da yamma, kowane ido.

"Kwana nawa?"

"Ba kwana a wannan, Malam. Ta ce ba a dainawa."

Ya gyaɗa kai, ya saki hannunta, ya ɗaga fuska sama ya ja fatar idon ƙasa da yatsa. Ta ɗiga. Ya rufe ido, leɓɓansa na motsi yana ƙirga minti ɗayansa.