Yaya Rabi da giɓin rubutuna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina dama koko aka bugo min daga unguwar Treichville: Yaya Rabi ta rasu.

Kokon yana nan ya huce.

Waɗanda ba su san ta ba, ita ce tsohuwar sakatariyar nan da ta ƙare ƙuruciyarta tana buga takardun fiton kaya a bakin tashar jirgin ruwa. Ni kuwa aji huɗu na yi a Maraɗi aka cire ni. Da ɗiyata ta bar min tsohuwar kwamfutarta, sai na ce bari in rubuta wa jikokina labaran garinmu, tunda in na yi musu Hausa da Faransanci suke amsa min.

Da yatsa ɗaya nake bugawa. In kalma ta ɓace min, sai in yi ta danna dogon maɓallin nan na ƙasa har ta dawo. Tsakanin kalma da kalma sai ka ga fili, akuya ma ta kwanta.

Duk Alhamis nakan naɗe kwamfutar a zani, in hau mota daga Adjamé in haye gada. Yaya Rabi ta saka tabarau, ta danna wani abu, sai ɗigo-ɗigo su bayyana a duk inda na bar giɓi. Takan ce na sake zubar mata da gero a ɗaki. Ni kuma in ce ai kaza na kawo wa.

Ɗaya bayan ɗaya take share su. Tana sharewa tana karantawa, tana ƙaryata ni. Wai kurayen labarina sun fi mutanen Maraɗi yawa. Mu ci acheke, wato dambun rogo, da kifi, mu yi azahar, mu yi la'asar, shafi biyu bai ƙare ba.

Rannan jikana Nasiru, mijin nawa da ko sabulu bai taɓa saya min ba, ya leƙa ya yi dariya. Ya nuna min ana ce wa kwamfuta ta nemo duk fili biyu ta mayar da shi ɗaya. Kafin in gyara ɗankwali ya share giɓin shafi guda.

Alhamis ɗin da ta wuce na je da tsiyata. Na ce ashe sakatariyar tamu ta zamanin da ce, yaro ya fi ta.

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, “Na san wannan tun uwarsa tana goye. In na gama miki a minti ɗaya, da wa zan ci abincin rana?”

Na tura mata kan kifin.

Ganinmu na ƙarshe ke nan. Mun tsaya a tsakiyar labarin auren yayata ta Maraɗi, ta ce ƙarya ta yi yawa, in dawo mu ƙarasa.

Ita kaɗai ce ta karanta abin da nake rubutawa. Jikokin sun ce sai an juya musu zuwa Faransanci. Jibi Alhamis, ban san inda zan nufa da kwamfutar nan ba.

In akwai mai karanta Hausa a nan Adjamé Liberté, ƙofata a buɗe take. Mai sauri dai ya yi zamansa a gida.

Allah Ya jiƙan Yaya Rabi, Ya yalwata mata kabarinta, Ya ba ta maƙwabta masu hira. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mata Ƙulhuwallahu, ya saka ni a ciki.