Goggo Mai Dalma da Ƙararrawar Tsoho

Kafin maƙwabta su gama buɗe shagunansu, Goggo Mai Dalma ta riga ta jona ƙarfen liƙi, ta goge tabarau da gefen mayafi, ta zube ƙananan kayan gyara a murfin gwangwani. Rediyo, fitila, sikeli, duk abin da ke cin batir teburinta yake zuwa jinya. Ga faɗa, amma ga aiki. Yanzu hannu ya fara rawa, ta ce za ta huta, kuma bai kamata a bar ta ta tafi shiru ba.

A tambayi telan da ke ƙarshen layinta. Mahaifinsa ya samu shanyewar jiki, ba magana, yatsa ɗaya kawai ke motsi. Tela ya sayo 'yar na'ura: maɓalli a ƙarƙashin yatsan tsoho, ƙararrawa a shago. Sai dai batirin maɓallin ba ya jimawa. Ranar da ruwa ya sarƙe tsohon, ya danna ya danna, shiru kake ji. Allah ne ya kawo wata maƙwabciya. Daga nan tela ya kasa zaman shago, ɗinki ya tsaya, ga bakunan ciyarwa a gida.

Da ya kai wa Goggo, ta buɗe maɓallin, ta taɓa wani ɗan baƙin abu mai ƙafa uku, ta janye yatsa.

"Ka ji ɗumi? Wannan shi ne taransista, ƙofar wuta ke nan. Wannan kuma 'yar ƙwaƙwalwar da ke ba shi umarni. Ƙofa ko dai a buɗe ko a rufe, ɗana. Taka an bar ta tsaka-tsaki, tana shan batir a banza."

"To Goggo, zai gyaru?"

"Kai da ba ka iya sa zare a allura sai ka lashe shi, ni za ka yi wa jarrabawa? Ba ni wuri."

Ta sauya taransistan da wanda umarnin 'yar ƙwaƙwalwar ke isa ya buɗe shi sarai cikin ƙiftawar ido. Ta liƙa masa wani ɗan abu da ake kira rizista, mai riƙe shi a rufe gam, ta kuma saita ƙwaƙwalwar ta yi ta barci sai yatsa ya tashe ta. Tela ya koma kan kekensa.

Watanni suka shuɗe, har ya manta akwai batir a ciki. Wata hantsi yana tsakiyar yanka, ƙararrawa ta ɗauka. Ya yar da almakashi ya ruga. Ya tarar da tsohon yana numfashi sama-sama, ido a ƙofa. Ya zauna ya riƙe masa hannu, kuma a hannun nasa rai ya yi halinsa.

Goggo, ke ce mai aikin da ba a gani, a cikin akwatin da ba mai buɗewa. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba hannun nan hutu. Masu tasowa a sana'a, ku yi koyi da ita, kada ku raina ƙaramin liƙi.

Da ta je gaisuwa, tela bai iya dogon zance ba.

"Goggo," ya ce, "Baba ya kira ni, kuma na ji."