Tagogin tsohon masaukin direbobi a hanyar Panyu

"Mama, ku rushe tsohon ginin nan mana, ku yi na gilashi," na ce wa tsohuwa mai masaukin, abokina Sani yana fassara mata. Motarmu ce ta lalace a hanyar Panyu a ƙasar Sin, muka shiga wajen cin abincin masaukin shan shayi.

Ta nuna ɗakunan da ke jere, kowanne yana kallon fili.

"Babana ya gina shi tun ina goye. Ya yi tagogin ƙasa-ƙasa ne don direba ya riƙa ganin motarsa ko yana kwance."

Wallahi shayin nan ƙin wucewa ya yi. Bara na rushe zauren mahaifina a Kano na yi shaguna, ko hoto ban ɗauka ba.

'Yan unguwarmu, don Allah wa ke da hoton zauren nan?