Zoɓon Famfo a Sentul

Abdulbaƙi ɗan Fagge ne. Ya zo Kuala Lumpur da tallafin karatu don yin digiri na uku a kan yadda ruwa ke gudu a cikin bututu. Mutum ne da in ya ga abu a waje sai ya ce shi ma zai iya haɗawa, kuma shi ne farkon mai yi wa kansa dariya idan abin ya watse.

Yana zaune a wani bene a unguwar Sentul, ƙofarsa na kallon tawa. Matarsa Hureira gwanar zoɓo ce, mai citta da kanumfari da ɓawon abarba, shi ya sa duk Juma'a ɗaliban Kano kan cika falonsu bayan masallaci. Wata rana ya ga ana tsiyayo lemo daga famfo a wani shagon abinci, mai sanyi da kumfa a sama. Ya dawo ya ce zoɓon gidansa ma ta famfo zai riƙa fitowa.

Ya sayo tsohuwar firiza mai murfi a sama a kasuwar Chow Kit, da tulun ƙarfe da zai zauna a cikinta, da silindar gas ɗin da ke sa lemo kumfa, da kan famfo. Hureira ta cika tulun. Ni na riƙe masa firizar ya ɗora injin huda a gefenta don ya sa famfon. Sai muka ji fiiis, wata iska mai sanyi ta feso.

"Malam, mene ne wannan?" na tambaye shi.

"Ranta ne ya fita," in ji shi. "Bututun sanyinta na huda. Don Allah kada jami'a ta ji."

Kafin ya samo wata firizar, tulun ya yi kwanaki a zafin kicin, ya manta da shi. Da Hureira ta buɗe ta shinshina, sai ta kalle shi.

"Baban Hafsa, wannan ya kusa zama abin da ba ma sha."

Ya yi salati, ya juye shi a magudana, yana cewa saura ƙiris ya zama ɗalibin farko da ya buɗe mashaya bisa kuskure.

Firiza ta biyu bai taɓa jikinta ba. Ya cire murfin, ya zagaya bakinta da katako, ya mayar da murfin a kai, ya huda katakon ya sa famfo. Gwajin farko zoɓon ya daskare ya zama dutse, sai da ya ƙara na'urar da ke kashe firizar in sanyi ya kai.

Ranar Sallah aka buɗe. Malam Najib, babba a cikin ɗaliban, ya sha farar shadda, aka ce shi zai fara. Ashe Abdulbaƙi ya cika wa tulun gas. Ana murɗa famfon, jan kumfa ya yi tsalle ya wanke Malam Najib daga hula har aljihu. Malam Najib ya lashi leɓe ya ce, "Sukarin dai ya ji." Abdulbaƙi ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye.

Da ya rage gas ɗin abin ya daidaita. Har maƙwabtanmu 'yan Malay suka riƙa aiko kwalba a cika musu.

Bara ya gama karatu ya koma Kano koyarwa. Firizar ta yi wa jirgi nauyi, sai ya bar mini ita, tana nan a falona. Kwanan nan na kira shi na tambaye shi ko ya haɗa wata.

"Da wace wutar?" in ji shi. "A kula Hureira ke zubawa, ta jefa ƙanƙara. Aikina yanzu miƙa kofi."