Tsuntsayen Akwatin Kakana

Ranar Juma'ar farko bayan watsewar alhazai, a shekarar da aka jawo wa lungunmu na unguwar Hindawiyya a Makka wutar lantarki, Umma ta fitar da kayan ɗaki tsakar gida su sha iska. Ina dawowa daga ɗiban ruwa da garwa biyu a kafaɗa, sai na tarar da akwatin ƙarfen marigayi kakana tsirara a rana. Ban taɓa ganinsa haka ba, domin kullum Umma na lulluɓe shi da tsohon zane tana cewa, "Mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da hoto." A kan murfin an zana jar garkuwa, ga zaki tsaye da ƙafafun baya ya zaro harshe kamar ya lashi yaji, ƙarƙashinsa tsuntsaye uku, samansa kwalkwali. Na dire garwa, rabin ruwan ya tafi sadaka.

Ni dai karatuna bai wuce aji huɗu ba, shi ma malamai ne suka gaji suka tura ni, amma a fagen binciken tarihi tun ina yaro ban cika buƙatar hujja ba. Kafin la'asar na kammala nazari: kakana ya kashe zaki a hanyar Sudan, sarkin can ya ba shi wannan tambari. Na kai labarin filin bayan gidan burodi, inda muke buga ƙwallon safa cushe da tsumma. A da ni ne mai tsaron gida na dindindin, saboda in na buga ƙwallo gabas yamma take nufa. Ranar nan kuwa aka naɗa ni kyaftin, aka raɗa wa ƙungiya suna Zakuna, ni ke fara gutsurar burodi mai zafi. Sai Hamza, ɗan mai tsiren unguwa, wanda na ƙwace wa kujera, ya ce sai mun ji daga bakin manya. In ƙarya ce, in koma gola har in yi gemu.

Haka muka ɗunguma, ni a gaba. Baba tela ne, muka same shi da allura a baki, ya ce mu tambayi uwarsa, ya ci gaba da taka keke. Malaminmu na allo ya duba rubutun da ke ƙarƙashin garkuwar, ya tabbatar ba Larabci ba ne ba ajami ba ne, sannan ya tuna bai gan ni ba ranar Laraba, binciken ya juyo kaina. Saura Kaka, wadda ke tuyar ƙosai a ƙofar gida. Da ta ji tambayar ta yi dariya har hawaye suka bi zanen kumatunta. "Wa? Mutumin da kyanwa ta taɓa hana shi shiga madafa?" Ashe kakana kuku ne na wani Bature mai haƙar kuza a Jos, da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa akwatin, tambarin kuma na gidan su Baturen ne.

Hamza ya fara washe baki, ni kuma na fara auna gola da ido. Sai Kaka ta nuna murfin da matsamin ƙosai. "Zakin na Bature ne, ku mayar masa. Amma ku dubi tsuntsayen nan, ina ƙafafunsu?" Muka duƙa. Wallahi babu. "To, waɗannan namu ne. Da ƙafa muka tako daga ƙasar Hausa, mu yi noma nan, mu yi dako can, har bakin teku. Ranar da muka ga Ka'aba babu mai sauran ƙafa a cikinmu. Kai Hamza, a gindin akwatin nan kakarka ta haifi ubanka, je ka tambaye ta."

Duk yaran da ke tsaye wurin jikokin matafiya ne. Daga baya majalisa ta zauna ta yanke hukunci mai adalci: tunda zakin ƙarya ne, na koma gola, tunda akwatin namu ne, na ci gaba da zama kyaftin. Baba ya yanko ƙyallaye ya ɗinka mana tsuntsayen a ƙirjin singileti. Ba mu taɓa cin wasa ba, kuma har yau ina ganin ba laifina ba ne: ƙungiyar ƙwallon ƙafa ce ta zaɓi tsuntsu marar ƙafa.

Bara jikata Maryam, mai karatun jami'a, ta ɗauki hoton murfin da waya, ta yi abin da ya gagare ni da Malam. Ta ce na wani gida ne a Ingila tun zamanin sulke da takobi, lokacin da mayaƙi ke rufe fuska, sai da garkuwarsa a san ɗan wane ne, kamar dai zanen kumatun Kaka. Tsuntsu marar ƙafa kuma, wai alama ce ta ƙaramin ɗa da bai gaji gona ba, sai ya tafi nema. Na ce, to ai dangi ne, a gaishe su. Ta yi dariya, ta amsa mini da Larabci.

Yanzu akwatin na gidan hayarmu a unguwar Kudai, cike da barguna. Filin bayan gidan burodi ya zama wurin ajiye motoci, Hamza ya riga mu gidan gaskiya, jikokina ko shagon bakin titi sai da mota. Wani lokaci nakan ɗaga zanen in duba. Zakin ya koɗe, tsuntsayen suna nan.