Ranar da Muka Daɓe Tsohuwar Majami'a

Ƙarshen bazara ne, lokacin da hadari ke haɗowa daga gabas ya watse ba ko ɗigo. Shekarar ta yi mana nauyi. An ce duk mai zama bakin Komadugu ya tashi, don mutanen daji masu bindiga suna ƙetaro kogin, sai muka bar barkononmu ja wur a gona muka hau tudu. Mun sauka a wani ƙaramin gari yamma da Diffa, gefen kwalta, muka kafa bukkar kara muka rufa mata tamfol. Ni ce da maigidana da 'yata ta fari, wadda cikinta ya tsufa, mijinta kuwa ya shiga Diffa neman aikin ƙarfi.

Cikin nan shi ya hana ni sukuni. Maijego ba ta kwana ƙarƙashin leda da damina, iskar gaban ruwa kaɗai ta isa ta kwashe bukkar. Na bi gidajen gari ina neman ɗaki, kowane na tarar da baƙi irinmu har zaure.

Wata safiya na fita tara itacen wankan jego, na bi bayan kasuwa. Cikin bagaruwa na ga wani dogon gini na ƙasa, bangonsa kauri kamar ganuwa, tagoginsa 'yan sirara. Na ɗauka siton ƙaro ne na zamanin Nasara. Sai da na matso na ga gicciyen ƙarfe saman ƙofa, ya ɗan karkace. Na ja da baya. Ban taɓa sanin akwai majami'a a ƙasarmu in ba cikin Diffa ba.

"Shigo inuwa, 'yata, ba ya cizo," in ji wata tsohuwa da ke share ƙofar.

Na gaishe ta, na ce, "Iya, wannan na su wa ne?"

"Namu ne, 'yan Katolika. Ya girmi uwarki."

Ta ce surukinta da abokan aikinsa, ma'aikatan likita da masu haƙa rijiya da suka zo daga kudu, su suka sa aka gina shi, maginan garin nan kuma suka jera tubalin. Da, limaminsu yana zuwa daga Diffa lokaci-lokaci. Tun da hanya ta lalace ya daina, 'yan gidajen da suka rage suka tashi. Ita ta ƙi, don kabarin mijinta na bayan ginin.

Na cire takalmi na shiga. Sanyi ya buge ni kamar na leƙa randa. Na ɗaga kai na ga azara jere, baƙa wuluk don tsufa, ba wadda ta lanƙwasa. Akwai rubutu a bango. Na haɗa baƙaƙen ɗaya-ɗaya yadda aka koya mana a yaƙi da jahilci, na karanta, ban ji ko kalma ba. Ƙasan ne ya ci: duk ramuka, gara ta yi hanyoyi.

Da ta ji damuwata, ta nuna mini ɗan ɗakin da ke ƙurya, inda limaminsu ke sauka.

"Kawo ta nan. Rufin bai taɓa yoyo ba. Sai dai ƙasan, ba ni da ƙarfin daɓe."

Da na faɗa wa maigida, sai ya ce:

"Me za a ce da mu? Kin kuma san irin ginin da mutanen daji ke nema."

"Malam, masallacin garinmu ma ba su bar shi ba. Ruwan nan kuwa yana tafe."

"To. Idan matan unguwa suka taka wurin da ƙafarsu, na yarda. Idan ke kaɗai ce, a'a."

A wurinmu mace ɗaya ba ta daɓe. Gayya ake yi, kuma wadda aka kira ba ta ƙi, don gobe ita ma za ta kira. Na bi bukka-bukka na faɗa, ban ɓoye inda ɗakin yake ba. Wasu suka ce to, wasu suka kalli ƙasa.

Ranar aikin na riga kowa, na jiƙa ƙasa da tsakuwa, na zauna ina kallon hanya. Hantsi ya yi ba kowa. Iya ta kawo mini ruwa. Can sai ga maƙwabciyata ta bakin kogi, mace mai kaifin baki, madaɓi a kafaɗa, mata na biye da ita.

"Ke, da ɗan nisan wurin ba ki faɗa ba," ta ce. "Ina ɗakin maijegon?"

Ta shiga ta duba, ta tsuguna ta shafa bakin ƙofar ɗan ɗakin. Ba dokin ƙofa tsakaninsa da babban zauren, ƙasa ɗaya ce shimfiɗe.

"Wannan ba ya rabuwa. In muka tsaya nan, daga gaɓar zai tsage, gara ta shigo ta ci gadon maijego."

"Ɗakin kawai na roƙa, Yaya," na ce.

"A ce matan bakin kogi sun yi rabin daɓe? Iya, a fitar da kujerun nan."

Tsohuwa ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya. Ta je ta lulluɓe mutum-mutumin da ke gaba da zanenta, ta ɗauka da kanta ta fitar. Mu muka kwashe benci. Aka ƙaro ƙasa, muka jeru a gwiwa daga bango zuwa bango, muka fara duka. Amma hannuwa suka ƙi haɗuwa, don ba waƙa, kuma waƙar daɓe kowa ya san ba ta da kunya. Ba wadda ta iya buɗe baki a ɗakin ibadar mutane.

"Haka kuke daɓe a garinku, kamar masu zaman makoki?" in ji Iya. Sai ta ɗauko wata da Barbarci, irin wadda ake tsokanar miji malalaci. Dariya ta kusa kayar da maƙwabciyata. Muka amsa, madaɓai suka faɗi tare, har azara na amsawa.

La'asar sakaliya muka kai bakin ƙofa da baya da baya. Na tsaya ina kallo, tafin hannuna duk kanta. Mu da aka saba gani a layin rabon abinci, ga abin da hannunmu ya yi, sumul kamar bayan ƙwarya. Har yau in na bi hanyar nan a mota sai na nuna wa na kusa da ni.

Maigida ya zo, ya gaida Iya, ya tsuguna ya danna gefen daɓen da yatsa.

"Yaushe zai bushe?"

"In iska ta yi kirki, kafin Juma'a."

"Sai in kawo gadon," ya ce.

Washegari da sassafe na ɗauki ruwan bagaruwar da na jiƙa, na je na yayyafa wa daɓen don ya yi ƙarfi ya yi duhu. Na fara da babban zauren, sannan na shiga ɗakin 'yata.