Farin Baba Ajagbe

A duk unguwar Mokola ta Ibadan, idan monita ya yi gardama a shagon masu ɗab'i, Baba Ajagbe ake aika a kira. Shekara talatin da ɗoriya yana wannan aiki, tun zamanin monita masu ƙatuwar ƙeya. Allo ya yi baƙi ƙirin ne, ko yana ta ƙiftawa, ko layi ya ratsa shi daga sama har ƙasa, Baba zai zo da tsohuwar jakarsa, ya duba waya, ya duba wuta, kafin ya kwance ko noti ɗaya. Amma inda ya yi suna shi ne daidaita launi. Wasu na'ura suke saye don wannan. Shi kuwa sai ya kanne idon hagu kamar maharbi, ya yi ta danna maɓalli har ya ce, "Ga fari nan." In Baba ya ce fari ne, magana ta ƙare. Ga shi kuma da baki, Allah ya sani, in ka ja da shi sai ka raina kanka.

Wata Alhamis da hantsi, ya zauna ke nan gaban amala da miyar wake, aka ce Fatoki mai maɗaba'a na nemansa maza-maza. Ya tarar da shagon kamar gidan makoki. Littafin jana'izar wata dattijuwa aka buga har ɗari biyar, da hotonta a bango cikin farin leshi. To leshin nan ya fito ruwan ɗorawa, kamar zanen da ya shekara a rataye a ɗakin girki. 'Yar mamaciyar ta zo ta watsar da littattafan a ƙasa, ta ce uwarta ba ta taɓa sa ƙazamin kaya ba tana raye, ba kuwa za a sa mata ba bayan ta mutu.

Can a lungu Morenike na zaune ta haɗa kai da gwiwa. Ita ke gyara hotuna a shagon, shekara goma sha biyu ke nan tana yi, da aikin take riƙe 'ya'ya uku.

Fatoki ya ce, "Baba, abu ɗaya nake so ka gaya mini. Monita ne ko hannunta ne? In monita ne in jefar da shi. In hannunta ne, yau ɗin nan ta ɗauki jakarta."

Ran Baba ya sosu, don mako biyu da suka wuce shi da kansa ya daidaita wannan monita. Ranar ma Morenike ta rusuna ta ce, "Baba, kamar fa ya ɗan yi shuɗi." Ya ce mata, "Shuɗi a idonki! Ina gyaran monita kina goye a bayan uwarki." Ta koma kan aikinta. Wa zai ja da sa'an ubansa?

Ya zauna, ya kanne ido, ya dubi allon. Fari tas, ba shi da aibu. Ya sake waya, babu abin da ya canza. Don ya rufe bakin kowa, ya sa aka aro monita daga shagon maƙwabta, sabo dal, ko ledar jikinsa ba a gama ɓarewa ba. Aka jona. Baba ya yi tsaki ya ce, "Kun ga irin kayan yanzu ko? Sabo, amma ga shi ruwan ɗorawa." Fatoki ya kawo kwamfutarsa ta hannu, ita ma dai ruwan ɗorawa. Abin ya fara ɗaure wa Baba kai. Allo biyu daga wurare biyu, ciwo iri ɗaya?

Zufa ta gangaro masa cikin idon dama. Ya sa hankici ya danne, dole ya buɗe na hagu. Wayyo! Monitan da aka aro fari ne fat. Nasa kuwa, wanda ya daidaita da hannunsa, shuɗi ne kamar an zuba masa shuni. Ya sake rufe na hagu, ya buɗe na dama: shagon duka ya koma ruwan ɗorawa, har da farar rigar Fatoki. Ya yi haka sau uku, kamar mai goge zufa.

Nan take ya gane komai. Yanar ido ce ta fara rufe masa idon dama, irin wadda ta zaunar da mahaifinsa a ɗaki. Yana ganin allo ruwan ɗorawa, sai ya yi ta ƙara masa shuɗi. Ita kuma Morenike, da ta ga leshi ya yi shuɗi a allon da Baba ya ce daidai yake, sai ta yi ta ƙara wa hoton ruwan ɗorawa har ya yi mata fari. Haka aka buga.

"Yaya dai, Baba?" in ji Fatoki.

Ga hanya nan a buɗe. Ya ce monita ne ya tsufa, a jefar. Morenike ta tsira, sunansa ya tsira, kowa ya kama gabansa. Har ya buɗe baki, sai ya tuna a watan nan kaɗai shago tara ya shiga ya daidaita musu launi. A kowanne akwai wani zaune gaban shuɗin allo, ya ba da gaskiya da maganar Baba, yana jiran ranar da za a ce masa ya ɗauki jakarsa. Tsoro ya kama shi, kunya kuma ta fi tsoron. Mai gyaran launi da ba ya ganin launi, wa zai sake kiransa ko don sauya waya?

Ya ce, "Ba monita ba ne. Ba hannunta ba ne kuma. Idona ne. Yarinyar nan ta gaya mini tun ranar, na hantare ta."

Fatoki ya ce, "Haba Baba, gajiya ce kawai, ka ɗan huta." Amma bai yarda sun haɗa ido ba. Baba ya san kafin la'asar labari zai gama Mokola, har da ƙari. Morenike ta durƙusa tana kuka, ita da aka wanke, tana cewa, "Baba, ka yi haƙuri."

"Tashi, ba ke ce da ba da haƙuri ba."

Ya mayar da allon yadda ya fito daga kamfani, ya tattara kayansa. Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, ya juyo.

"Fatoki, ara mini ita na awa biyu. Akwai shago tara da zan shiga." Sannan ya dubi Morenike, ya sassauta murya. "Taho, 'yata. Ni zan danna, ke ki gaya mini in ya yi fari."